Tari, Haki da Ciwon Ƙirji: Yadda Za a Gane Lokacin Zuwa Asibiti da Gwajin da Ya Dace

Da zarar hunturu ya kankama a Zariya, hazo ya lulluɓe dutsen Kufena har ba a hango shi daga gari, tari yakan zama abin da ake ji ko'ina, a sahun sallar asuba da azuzuwan makaranta da cikin motar haya daga Kwangila zuwa Samaru. Mafi yawan wannan tari mura ce da bushewar maƙogwaro, kuma yakan wuce da kansa. Sai dai tarin fuka da nimoniya (ciwon sanyin huhu) da asma su ma da irin wannan tari suke somawa, shi ya sa mutum yakan shafe watanni yana zarya tsakanin gida da kemis, yau ruwan maganin tari gobe kafso, kafin wani ya tuna masa cewa akwai gwaji. Akwai lissafi iri 2 da kowane gida zai iya yi ba tare da wata na'ura ba, wato ƙirga kwanakin tari da ƙirga numfashi, kuma su ne suke nuna lokacin da ya kamata a nemi gwaji tun kafin a kashe kuɗi a kan magani.

Tarin kwana nawa ne abin damuwa?

Tari hanya ce da jiki yake bi ya fitar da ƙura da majina daga hanyoyin iska, don haka ba kowane tari ake son a danne ba. Tarin mura ƙwayoyin cutar bairos ne suke kawo shi, kuma magungunan kashe bakteriya irin su amoksisilin ba sa yi musu komai. Yakan yi tsanani a kwanakin farko, sannan ya riƙa sauƙi a hankali. Hutu da yawan shan ruwa mai ɗumi da cokalin zuma sun wadatar, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai yi ƙwarin yaƙa ba. Kaki mai launin ɗorawa ko kore shi kaɗai bai isa hujjar shan kafso ba. Ruwan maganin tari mai kodin kuwa, gwamnatin tarayya ta haramta yin sa da shigo da shi tun watan Mayun 2018, kuma dama can danne tari yake yi, ba ya warkar da abin da ya kawo shi.

Abu na farko da za a yi ranar da tari ya fara shi ne a rubuta kwanan watan, a kalanda ko a waya, saboda idan likita ya tambaya mutane da yawa “ya ɗan kwana biyu” suke cewa, alhali kwana biyun nan kan iya zama wata 3. Nijeriya tana cikin ƙasashe 30 da tarin fuka, wato tibi, ya fi yi wa katutu a duniya, saboda haka ƙa'idar da ake bi a nan ita ce duk tarin da ya kai mako 2 a yi masa gwajin kaki, ko da mai shi yana jin ƙarfi yana fita nema. Ba sai an jira mako 2 ba idan tarin ya haɗu da zazzaɓin yamma, ko zufar dare da take jiƙa riga duk da sanyin hunturu, ko ramar da har wando ya fara yi wa mutum yawa, ko jini a cikin kaki. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau, da mai ciwon suga, da wanda yake kwana ɗaki ɗaya da mai tibi, su kam ko tarin 'yan kwanaki ne ya kamata su bayyana shi a asibiti.

Ba kowane dogon tari ne tibi ba. Asma tana kawo shi, ƙwannafi yana kawo shi, haka ma majinar da take gangarowa daga hanci zuwa maƙogwaro. Wasu magungunan hawan jini, musamman lisinofiril da danginsa, suna sa busasshen tari mai naci wanda ba ya jin magani sai an sauya su, kuma likita ne zai sauya, ba mai ciwon ba. Dattijon da ya daɗe yana shan taba, idan tarinsa ya sauya kama ko muryarsa ta dishe ta ƙi washewa, ana bincikar sa saboda ciwon daji na huhu.

Alamomin da ba a kwana da su

Akwai yanayin da lissafin kwanaki ba shi da amfani. Idan numfashi ya sarƙe har mutum ba ya iya kai jimla ɗaya ƙarshe sai ya tsaya ya ja iska, ko leɓe da harshe suka yi duhu, ko ya fara ruɗewa da surutai, ko ya yi tarin jini tsantsa fiye da ɗigo a cikin kaki, ko ciwon ƙirji ya zo farat ɗaya tare da haki, to sashen gaggawa za a nufa nan take, ko ƙarfe nawa ne. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya idan yana zaune, wanda ya kai sau 30 kuwa yana cikin hatsari. A hanya a bar shi a zaune, kada a tilasta masa kwanciya, kada kuma a ɗura masa ruwa ko rubutu yana cikin haki, domin zai iya shaƙewa. Mai sikila da ya yi zazzaɓi da tari da ciwon ƙirji shi ma yana cikin wannan rukuni, ko da da ƙafarsa yake tafiya, saboda irin wannan ciwo yakan juya cikin 'yan awoyi.

Yaya ake ƙirga numfashin yaro?

A nan zan daɗe, domin a ganina babu abin da uwa za ta koya a wannan fanni da ya kai shi amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa nimoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 740,000 a shekarar 2019, kuma alamarta ta farko, wato saurin numfashi, ana ganin ta da ido. Uwa ta jira har yaron ya natsu, ba yana kuka ba, ba kuma yana shan nono ba, barci ma ya fi. Ta ɗora shi a cinya, ta ɗage rigarsa har ƙirji da ciki su bayyana, wani kuma ya riƙe waya ko agogo ya ce mata ta fara, ya kuma tsayar da ita idan minti ɗaya ya cika. Duk dagowar ciki da saukarsa numfashi ɗaya ne. Dole a cika mintin, domin jarirai sukan yi numfashi da sauri su ɗan dakata su ci gaba, wanda ya ƙirga na rabin minti ya ninka zai yi kuskure. Idan adadin ya yi yawa, sai a sake ƙirgawa don a tabbatar.

Jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa wata 11 iyakar 50 ce, daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40. Yaron da yake tari ya kai waɗannan adadi, a kai shi asibiti a ranar. Bayan ƙirga, uwa ta dubi ƙasan haƙarƙarinsa a lokacin da yake jan iska. A yaro mai lafiya ƙirji da ciki tare suke dagowa, amma idan wurin yana loɓawa ciki a kowane numfashi, huhun yana wahala. Idan aka ƙara da nishi, ko buɗewar ƙofofin hanci, ko ƙin kama nono, ko aman duk abin da ya ci, ko jijjiga, ko barcin da ba a iya tashinsa, to wannan ba na asibitin unguwa ba ne, babban asibiti mai iskar oksijin ake nema.

Nimoniyar da aka tara da wuri amoksisilin na yara yana warkar da ita, da sharaɗin ma'aikacin lafiya ne ya auna adadin, kuma aka cika kwanakin da ya rubuta. Idan bayan kwana 2 ko 3 babu sauƙi, a koma. Cire belu wajen wanzami ba ya maganin tari, zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta kawai yake jawowa, haka nan sirace da tafasasshen ruwa ya sha ƙona yara. Yaron da yake wasa lafiya lau sai tari ya turnuƙe shi farat ɗaya yana cin gyaɗa ko masara, a faɗa wa likita hakan a sarari, domin ƙwayar kan faɗa hanyar iska ta zauna. Wanda ya sha kananzir kuma kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, domin shigar kananzir huhu ita ce babban hatsarin. Rigakafi yana rage yawancin wannan wahala: allurar BCG ta tarin fuka ranar haihuwa, ta Penta mai kariya daga cututtuka 5 da ta nimoniya a mako 6 da 10 da 14, ta ƙyanda a wata 9, tare da nonon uwa zalla har wata 6.

Yadda ake ba da kaki don gwaji

Zazzagawa sun yi dace a wannan ɓangare, domin Cibiyar Horarwa kan Tarin Fuka da Kuturta ta Ƙasa tana nan Saye, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, kuma ƙananan asibitocin gwamnati da dama suna karɓar kaki su aika inda na'ura take. A ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka gwajin kaki da maganin kyauta ne, ko da yake ana iya biyan kuɗin kati ko na hoto. Wanda bai san wuri mafi kusa da shi ba yana iya kiran lambar shirin ta kyauta, 3340.

Na'urar da aka fi dogara da ita yanzu ita ce GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a shekarar 2010. Tana gano ƙwayar cutar cikin awa 2 ko ƙasa da haka, tana kuma nuna ko ƙwayar ta bijire wa rifamfisin, wanda shi ne ƙashin bayan maganin. Amma na'ura abin da aka ba ta take dubawa, kuma gwaji da yawa yakan lalace ne saboda an kawo miyau a maimakon kaki. Za a ba mutum ɗan kofin roba mai murfi. Ya fita fili inda iska take kaɗawa, nesa da mutane, ba cikin banɗaki ko rufaffen ɗaki ba. Ya kurkure baki da ruwa zalla, ya ja dogon numfashi ya riƙe kaɗan ya saki, ya maimaita sau 3, sannan ya yi tari mai ƙarfi daga can cikin ƙirji ya tofa a kofin. Abin da ake so shi ne mai kauri da yauƙi, kimanin cikin cokalin shayi, ba ruwa mai kumfa ba. Ya rufe murfin da kyau, ya tabbatar an rubuta sunansa a jikin kofin, ya wanke hannu, ya miƙa shi ba tare da ya bar shi a rana ba. Kakin farkon safiya, kafin a karya kumallo, shi ya fi kyau. Ƙananan yara ba su iya fitar da kaki, haɗiye shi suke yi, shi ya sa yanzu ake iya yin gwajin da bayan gidansu.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan gwaji kafin magani shi ne, wasu magungunan kashe bakteriya da ake saya a kemis, musamman sifro da danginsa, suna taɓa ƙwayar tibi sama-sama. Tarin sai ya lafa na ɗan lokaci, gwaji ya kasa gano komai, cutar kuwa tana ci gaba da cin huhu tana kuma koyon bijire wa magani. Idan sakamako ya nuna babu tibi amma tari da rama ba su tsaya ba, a koma wa likita, domin zai iya neman hoton ƙirji ko ya sake gwajin.

Idan aka ce tibi ne

Tibi yana warkewa. Maganin wata 6 ne, magunguna 4 a haɗe a wata 2 na farko, sannan guda 2 a sauran wata 4, ana sha kullum. Bayan makonni kaɗan mutum zai ji ƙarfi, ci ya dawo, tari ya ragu, kuma a daidai nan ne mutane suke yin asara, su ajiye magani su koma harkokinsu. Ƙwayoyin da suka rage su ne masu taurin kai, idan suka farfaɗo sai an koma wani magani mai wahala. Don haka ake sake gwajin kaki a wata na 2 da na 5 da na 6, kuma ma'aikacin lafiya ne kaɗai zai ce an gama. Fitsari da zufa za su yi ja ko ruwan goro saboda rifamfisin, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin da ake komawa asibiti da gaggawa a kansa shi ne ido ya yi ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dishi-dishi, ko ƙuraje su feso. Matar da take amfani da ƙwayar tazarar haihuwa ko ashanar hannu ta faɗa tun farko, domin rifamfisin yana rage musu ƙarfi. Ana kuma yi wa kowane mai tibi tayin gwajin ƙanjamau, ba don ana zarginsa ba, sai don cututtukan biyu suna yawan haɗuwa kuma sanin hakan yana sauya yadda za a kula da shi.

Cutar ta iska take yaɗuwa, ba ta kwano ko cokali ko musabaha ba, saboda haka ware wa majinyaci kwanonsa da ƙaurace masa zalunci ne da ba ya kare kowa. Abin da yake kare iyali shi ne buɗe tagogi, da rufe baki yayin tari, da sa takunkumi a makonnin farko, domin bayan kimanin mako 2 na shan maganin da ya dace hatsarin yaɗawa yakan ragu ƙwarai. Duk mutanen gidan su je a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5, waɗanda ake ba maganin kariya ko da ba sa tari. Malaman tsangaya da masu kula da ɗakunan kwanan ɗalibai a Samaru da Kongo su ma hakkin nan yana kansu, domin inda mutane da yawa suke kwana ɗaki ɗaya nan cutar ta fi samun hanya.

Hoton ƙirji da sauran gwaje-gwaje

Hoton ƙirji yana nuna inuwar nimoniya, da ramukan da tibi ya yi, da ruwan da ya taru a gefen huhu, da girman zuciya. Ana cire sarƙa da duk wani ƙarfe, a ja numfashi a riƙe na 'yan daƙiƙoƙi. Hasken da yake shiga jiki kaɗan ne, kwatankwacin wanda mutum yake samu daga muhallinsa a cikin kwana 10, amma mai juna biyu ta faɗa kafin a ɗauka. Hoto shi kaɗai ba ya tabbatar da tibi, kuma mai asma yakan sami hotonsa fes alhali yana fama, don haka kyawun hoto ba ya nufin ƙarya majinyaci yake yi.

Ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, wadda ta yaɗu tun lokacin korona, tana auna yawan iskar oksijin a jini. Daga 95 zuwa 100 lafiya ce, ƙasa da 90 kuwa gaggawa ce, abin da yake tsakani kuma na nuna wa likita ne a ranar. Sanyin yatsa da jan farce da baƙin lalle suna rikita ta, kuma an lura cewa a jikin baƙar fata takan nuna adadin da ya ɗan fi na gaskiya. Saboda haka idan mutum yana haki, kada a fasa kai shi asibiti don na'ura ta nuna adadi mai kyau.

Gwajin hura iska, wato sifairomita, shi ne yake tabbatar da asma da toshewar hanyoyin iska ta dindindin, kuma manyan asibitoci irin na koyarwa ne wurin tambayarsa. Ana matse hanci, mutum ya cika ƙirjinsa da iska, ya kama bututu da leɓe, ya hura da iyakar ƙarfinsa har sai ya ji babu saura, aƙalla sau 3. Daga nan a ba shi maganin shaƙa, a jira minti 15, a sake. Idan iskar ta ƙaru sosai bayan maganin, alamar asma ce. A je da tufafi marasa matsi, ba a ƙoshe ba, ba a sha taba ba, a kuma tambaya tun kafin ranar ko za a dakatar da maganin shaƙa.

Shin maganin shaƙa yana kama mutum?

Wannan tsoro ya hana iyaye da yawa karɓar inhela, wato maganin shaƙa na asma, suna ganin wanda ya fara ba zai rabu da ita ba, sai su gwammace ƙwaya ko allura. Gaskiyar magana ita ce inhela ta fi su sauƙin illa, domin maganin kai-tsaye yake zuwa huhu da ɗan ƙaramin adadi, kuma ba ya sa maye ko sabo. Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne ƙwayoyin firedinisolon da dekza da ake saya a sha wata da watanni ba da umarnin likita ba, waɗanda suke kumbura fuska su tayar da suga da hawan jini. Asma tana bayyana da fito a ƙirji, da tarin tsakar dare ko na asuba, da jin an ɗaure ƙirji, kuma ƙura da sanyi da shara da turaren wuta da igiyar leƙo suna tayar da ita. Inhela iri 2 ce. Mai buɗe ƙirji nan take, irin Ventolin, ta lokacin tashin ciwo ce, mai hana kumburin hanyoyin iska kuwa ita ce take kwantar da ciwon. Wanda yake ɗaukar ta farko fiye da sau 2 a mako, asmarsa ba ta kwanta ba, yana buƙatar ta biyun.

Ana girgiza inhela, a fitar da iska, a kama bakinta da leɓe, a danna daidai lokacin da aka fara jan numfashi a hankali, a riƙe na daƙiƙa 10. Yara da tsofaffi haɗa dannawa da jan iska yakan yi musu wuya, kuma gorar ruwa ta roba mai rabin lita tana magance wannan. A wanke ta, a bar ta ta bushe, a huda gindinta daidai bakin inhela, a cusa shi ciki a liƙe gefen, yaron ya kama bakin gorar, a danna sau ɗaya, ya yi numfashi 5 ko 6 a ciki kafin a sake dannawa. Bayan shaƙar mai hana kumburi a kurkure baki. Idan ciwo ya tashi aka shaƙi mai buɗe ƙirji aka sake shaƙa bayan minti 20 ba sauƙi, a kama hanyar asibiti ana ci gaba da shaƙawa.

Hakin mai jego

Ba kowane haki ne daga huhu yake ba, kuma Zariya ta yi suna a littattafan likitanci a kan wannan batu. A shekarun 1970 likitocin asibitin jami'a, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry, sun yi rubutu a kan yawan matan da zuciyarsu take gazawa bayan haihuwa a wannan yanki, suka kuma danganta yawan da gishirin kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da gashin gado, waɗanda suke ƙara wa zuciya nauyi. Mai jegon da take haki, ba ta iya kwanciya sai ta tara matasai, ƙafafunta sun kumbura, tana tari cikin dare, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara mata ruwan zafi da kanwa. Awon jini da hoton zuciya take buƙata, kuma da wuri. Ƙarancin jini ma yana sa haki, ana kuma gane shi da gwaji mai sauƙi.

Hayaƙin da muke zaune da shi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, mafi yawa daga girki da itace da gawayi da kara, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Shi ya sa ake samun tsohuwar da ba ta taɓa riƙe sigari ba amma huhunta ya toshe, bayan shekaru masu yawa a bakin murhu. Ba kowane gida ne zai iya sayen gas ba, amma kowa zai iya yin girki a fili ko a madafa mai taga, da busasshen itace, ba tare da hura wuta da leda ko roba ba, kuma a sauke goyo kafin a durƙusa gaban murhu. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da janareta a soro ko kusa da taga suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, kuma na'urar yatsa ba ta gano ta. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da amai a lokaci guda, a fitar da su fili nan take a kai su asibiti.

Masu fasa dutse, da masu injin niƙa, da masu dakon siminti, da kafintoci, da masu fentin mota su nemi takunkumi mai tace ƙura irin N95, domin ƙyalle ko rawani ba ya tare ƙananan ƙwayoyin da suke isa can cikin huhu, kuma tabon da ƙurar dutse ta yi ba ya gogewa. Shisha ba ta fi sigari sauƙi ba, ruwan da yake cikinta sanyaya hayaƙin kawai yake yi. Wanda ya bar taba, aikin huhunsa yakan fara inganta cikin mako 2 zuwa 12, tari da haki kuma su ragu cikin watannin da suka biyo baya.

Me za a tafi da shi wurin likita?

A haɗa duk magungunan da aka sha, har da kwalayen da suka ƙare da na gargajiya, a zuba a leda ɗaya a tafi da su, tare da tsofaffin hotuna da takardun gwaji. A faɗi ranar da tarin ya fara, da lokacin da ya fi tashi, da kamannin kakin, da irin sana'ar da ake yi, da abin da ake girki da shi, da ko akwai wani mai dogon tari a gida ko wurin aiki. Wanda yake shan taba ko shisha, ko ya taɓa fara maganin tibi ya bari, ya faɗa ba tare da jin nauyi ba, domin wannan bayani ne zai sa a zaɓi gwajin da ya dace. Kafin a fito a tambayi sunan gwajin da aka rubuta, da ranar karɓar sakamako, da ranar dawowa, a kuma bar lambar waya mai aiki a ɗakin gwaji domin a iya kira idan sakamako ya fito.